Kafin Ka Sayar da Karsana Don Makarantar Kuɗi

Wannan shi ne bayanin da muka yi a filinmu na makon jiya, mun sa shi a takarda don wanda shirin ya wuce shi yana bayan shanu, ko yana kan lori tsakanin Gadarif da Gallabat. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Abin da ya jawo maganar saƙo ne daga wani bawan Allah a Gedambaliya. Yana da 'yan shanu, da kaka kuma yana sayen riɗi ya kai kasuwar amfanin gona ta Gadarif. Ya ce yaransa uku sun isa makaranta, maza biyu da mace ɗaya, kuma an nuna masa makarantun kuɗi biyu a cikin gari. Ɗaya sabuwa ce fil, ƙofarta da fenti, an rubuta Turanci da kwamfuta a allon ƙofa, akwai motar ɗaukar yara. Ɗayar ta daɗe a unguwa, gininta ya sha jiki, kuɗinta bai kai na farkon ba. Ya ce ko wacce ya zaɓa sai ya fid da karsana daga garke. To, wacce zai kai su?

Ba mu ga makarantun ba, don haka ba za mu ce masa wannan ko waccan ba. Abin da za mu ba shi ma'auni ne. Makarantar da ta dace da kai ita ce wadda yaronka zai iya zama cikinta har ya ƙarasa, ya fito ya iya karatu, kuma takardar da ta ba shi ta karɓu a mataki na gaba. In ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, karsanar ta tafi a banza.

Me ya sa makarantun kuɗi suka yi yawa?

Makarantar da ba ta gwamnati ba tsohon abu ce a Sudan. A 1907 Sheikh Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a, daga wannan tushen ne Jami'ar Ahfad ta Omdurman ta fito. A 1927 mutanen Omdurman suka haɗa kuɗi suka kafa makarantar Ahliyya. Ke nan akwai makarantun da jama'a suka gina da guminsu suka yi albarka. Akwai kuma waɗanda aka buɗe kamar yadda ake buɗe kanti.

Abin da ya ƙara yawansu a wajenmu kowa ya san shi. Yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023, aka rufe makarantu a faɗin ƙasa. Da Madani ta faɗi a Disamba 2023, sannan Sinja a tsakiyar 2024, jama'a suka kwararo Gadarif, makarantun gwamnati da yawa suka zama masaukin waɗanda suka baro gidajensu. Ɗaliban da ya kamata su zauna jarrabawar shahada ta Sudan a 2023 ba su samu zama ba sai ƙarshen Disamba 2024. Cikin waɗanda suka yi gudun hijirar akwai malamai da masu makarantu daga Khartum da Madani, wasunsu ƙwararru ne ƙwarai. Suka kama hayar gidaje, suka buɗe azuzuwa, iyaye kuma suka ji daɗi, don zaman yaro a gida shekara guda ba ƙaramin abu ba ne.

To amma ga inda ake son lura. Tun da Madani ta dawo hannun soja a Janairu 2025, Khartum kuma a Maris, mutane suna ta komawa gida. Malamin da ya zo da gudu yana iya tafiya da marmari, kuma ba laifinsa ba ne. Kai dai da za ka sa yaro a aji ɗaya, shekara shida kake sayen zama. Saboda haka tambayar farko ga mai makaranta ita ce: Ustaz, gidan nan naku ne ko haya? In haya ne, yarjejeniyar ta shekara nawa ce? Malaman nan 'yan gari ne ko baƙi? Wanda ke da niyyar zama ba ya jin haushin wannan tambaya.

San tsanin kafin ka ɗora yaro

Da yawa daga cikin iyayen da suka yi makaranta sun yi ta ne a tsarin asas, shekara 8 a jere sannan sakandare shekara 3, wanda aka kawo a farkon shekarun 1990. Daga 2020 an koma tsarin da: ibtida'i shekara 6, mutawassiɗ shekara 3, sanawi shekara 3. Kafin aji ɗaya akwai rauda ko khalwa. A ƙarshen aji shida akwai jarrabawa, a ƙarshen mutawassiɗ akwai wata, duka a hannun ma'aikatar ilimi ta jiha. Ta ƙarshen sanawi, wato shahada ta Sudan, ta ƙasa ce baki ɗaya, da ita ake shiga Jami'ar Gadarif, wadda aka kafa a 1994, da sauran jami'o'i.

Makarantar kuɗi ba ta ba da waɗannan shahadodi da kanta. Ita dai tana koyarwa, ta miƙa sunayen yara ga ma'aikata, ma'aikata ta ba kowane yaro lambar zama. Kafin ta iya yin haka sai tana da tasdiƙ, wato takardar izini daga sashen ilimi mai zaman kansa na ma'aikatar ilimi ta jiha.

Ku makiyaya kun san damin a kasuwar dabbobi. Ba ka sayen sa daga baƙo sai damin ya tsaya ya ce ya san shi, ya san dabbar ba ta sata ba ce. Tasdiƙ shi ne damin na makaranta. Ka ce a nuna maka shi da idonka. In ba ka karanta Larabci, tafi da wanda yake karantawa, ya duba abu uku: sunan da ke takardar shi ne sunan da ke ƙofa? Unguwar da aka rubuta ita ce inda kuke tsaye? Wane mataki aka ba su izini? Makaranta tana iya samun izinin rauda da ibtida'i, sai ta ga yara sun girma ta buɗe mutawassiɗ ba tare da sabon izini ba. In aka ce maka takardar tana hanya, ka ce to kai ma kuɗinka suna hanya. Ofishin ilimi na mahalliyya ba nisa gare shi ba, ka je ka tambaya ko sun san makarantar. Ba a cinikin biri a sama.

Ka kuma tambaya: bara yara nawa kuka kai jarrabawar aji shida, a wace cibiya suka zauna, nawa suka ci? Kula da dabara guda da wasu ke yi. Sukan ce duk yaranmu sun ci, alhali kafin jarrabawa sun sallami masu rauni don kada su ɓata musu suna. Don haka ka tambayi yawan yaran da ke aji biyar shekarar da ta gabace ta. In ajin ya ragu da rabi tsakanin biyar da shida, ka nemi sanin inda sauran suka tafi.

Takardun yaron kansa

Wannan yana hannunka kai uba, ba a hannun makaranta ba, kuma shi ya fi cin yaranmu. Yaron da aka haifa a ruga ko a sansanin gona sau da yawa ba shi da takardar haihuwa. Makarantar da ke neman ɗalibai za ta karɓe shi haka nan, ta ce a kawo daga baya. Shekaru su wuce, ranar rajistar jarrabawa a nemi takardar haihuwa da raƙam waɗani, lambar ɗan ƙasa, a ga babu. Lokacin kuma kana Butana da shanu. Ka fara neman takardun nan a ofishin rajistar jama'a tun yaro yana aji ɗaya, don abin yakan ɗauki zirga-zirga, wani lokaci har da shaidu da umda ko shehun unguwa.

Sai maganar suna. A takardun Sudan suna huɗu ake rubutawa: na yaro, na uba, na kaka, na baban kaka. Mu kuwa a gida Abubakar Garba ne, Abdullahi Audu ne, Muhammadu Mamman ne. In makaranta ta rubuta Garba, rajista ta rubuta Abubakar, a idon hukuma mutum biyu ne. Ranar da za ka sa yaro, ka tsaya a rubuta sunansa huɗu daidai da yadda yake a takardarka, harafi da harafi, a karanta maka ka ji.

Gani ya kori ji

Ba wanda ke sayen saniya da labarin dillali. Kana buɗe bakinta ka ga haƙora, ka sa a kora ta ka ga tafiyarta, ka taɓa hantsa. Makaranta ma haka. Kada ka je ranar da aka gayyace ka. Je ka ranar aiki ba sanarwa, da hantsi wajen lokacin faɗur, ka roƙi izini ka leƙa aji.

Ka nemi aji uku. Yaron da ya yi shekara biyu cur a makaranta ya kamata ya karanta gajeren labari da bai taɓa gani ba. Yara sun iya hadda, suna iya rera shafi guda da ka alhali ba su san harafin da suke nunawa ba. Don haka ka zo da takardarka a aljihu, ko rasiɗin kasuwa ne, ka ce, “Ustaz, Allah ya ƙara sani, a ba ni yaro ɗaya daga layin baya ya karanta mini wannan.” Na layin gaba kullum su ake nuna wa baƙo. Ka kuma ba shi lissafi irin naka: buhu 7, kowanne an biya ɗan dako jine 500, nawa ke nan? In yara uku a jere suka kasa, ka gode wa mudir ka kama hanya.

Ka duba littafin rubutun yaro ko da ba ka iya karanta shi ba. Akwai jan biro a ciki? Yaushe malam ya yi gyara na ƙarshe? Littafin da ya yi wata guda ba alamar malam yana gaya maka abin da allon ƙofa ba zai faɗa ba. Ka ƙirga kawunan yara kamar yadda kake ƙirga tumaki a bakin rijiya. In ajin makarantar kuɗi ya cika maƙil kamar na gwamnati, me kake biya? Ka tambayi yaran ko kowa yana da littafin karatu nasa, ko biyar ke leƙen ɗaya.

Ka tambayi malamin aji ɗaya shekararsa nawa a nan. Makarantar da ke canza malamai kowane zango, ko dai ba ta biyansu a kan lokaci ko ba ta daraja su, kuma yaro ne ke biyan wannan bashin. Wasu malaman suna koyarwa a wuri biyu ko uku don albashi ba ya isa. Ka san ko wanda zai riƙe ɗanka yana wuni a nan ne ko yana leƙowa ne ya wuce.

Kafin ka fita, zaga baya. Ina ruwan sha, daga ina ake kawo shi, tulunan a rufe suke? Ina bayan gida, kuma na 'yan mata daban yake da ƙofa mai rufuwa? Gadarif ta sha fama da kwalara a 2023 da 2024, ba sai an tuna wa kowa ba. Yarinyar da ta fara girma, in babu wurin da za ta kewaya cikin sutura, za ta fara fashi, daga fashi sai bari. Ka kuma lura da bulala. In ka ga kowane malam da tiyo a hannu, yara suna noƙewa in ya gifta, ka sani tsoro suke koya. Dokar Yara ta 2010 ta hana horo mai tsanani a makarantu, kuma kana da ikon tambayar yadda suke ladabtarwa.

Maganar harshe

Yaronmu yakan tashi da Hausa ko Fillanci a baki, Larabcinsa na kasuwa ne, wani ma babu. Makaranta kuwa da Larabci take koyar da komai. Shekara biyun farko su ne gadar. In malamin aji ɗaya yana da haƙuri, ko yana jin harshen yaron har ya iya fassara masa kalma in ta kakare, yaro zai haye. In babu, sai ya zauna shiru a baya, a ce ba shi da ƙwaƙwalwa, alhali harshe ne ya tsare shi. Ka tambaya ko akwai yaran Hausawa da Fulani a makarantar, ka nemi iyayensu ka ji yadda suka kwashe.

Wanda ya fara da allo yana da riba, ya san baƙaƙe, ya saba zama gaban malam. Sai dai akwai ɗan tuntuɓe. A allonmu na gargajiya, rubutun da ke tafiya da Warshu, fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A littafin makaranta fa ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Yaro sai ya ga fa ya karanta ƙaf, malamin da bai san dalili ba ya ce kuskure ne. Faɗa wa malam tun farko cewa yaron daga allo yake, cikin 'yan kwanaki zai daidaita. Akwai makarantun da ke haɗa haddar Alƙur'ani da manhajar gwamnati. Abu ne mai kyau in an ba kowanne haƙƙinsa. Ka dai tabbata lissafi da kimiyya suna da sa'o'insu, kuma su ma suna da tasdiƙ kamar kowa.

Turancin da ke allon ƙofa fa? Turanci yana da amfani, musamman ga mai niyyar karatun likita ko aiki da ƙungiyoyin agaji. Amma jarrabawar aji shida da ta mutawassiɗ da shahada, ga yawancin yara, da Larabci ake rubuta su. Yaron da bai riƙe Larabci ba, an kuma ɗora masa Turancin da malaminsa ma bai ƙware ba, ya tashi a tutar babu. Kwamfuta ma ka ce a kunna maka ita. Ka tambayi sau nawa a mako yaro ke taɓa ta, da abin da ake yi in an ɗauke wuta.

Ina yaron zai kwana a watan Agusta?

Ga tambayar da 'yan birni ba sa yi, ku kuwa ita ce gaba da komai. Ƙasarmu baƙar laka ce. Ita ta sa Turawa suka fara noman inji a Gedambaliya a tsakiyar shekarun 1940, ita ce kuma ke riƙe tayar mota daga Yuli zuwa Satumba. Motar makarantar da ke zuwa ƙofar gida da rani, da damina ba ta barin kwalta. In gidanka yana nesa da titi, ka tambayi direban da kansa inda yake tsayawa in an yi ruwa.

Makiyayi kuma da saukar ruwa yana bin burtali ya yi arewa zuwa Butana, ba ya dawowa sai an girbe dawa ya samu kara, daga nan ya gangara wajen Rahad ko Atbara. Mai riɗi a Oktoba da Nuwamba ba ya da lokacin kansa, don riɗi in ya nuna ba ya jira, kowane hannu a gida ana bukatarsa. Kalandar makaranta kuwa ta sha canzawa a 'yan shekarun nan, kowace jiha da ranar buɗewarta. Saboda haka ka zauna da mudir ku jera watanni goma sha biyu, ka nuna masa inda iyalinka suke a kowane wata. Duk watan da yaro ba zai iya zuwa ba, ku san shi tun yanzu.

Hanyoyin da mutane ke bi sanannu ne. Wasu suna barin uwa da ƙananan yara a gari, maza su tafi da garke. Wasu suna ajiye yaro wurin baffa ko gwaggo. Wasu suna neman makaranta mai dakhiliyya, wato ta kwana. In gidan dangi ne, ka yi magana a fili: yaron karatu ya zo, ba tallan ruwa ko tsaron shago ba, kuma ka ɗauki nauyin cinsa don kada ya zama kaya. In dakhiliyya ce, ka ga ɗakin kwanan da idonka, ka ga gidan sauro, ka san babban da ke kwana tare da su da asibitin da ake kai wanda ya kwanta. A ƙauyukan bakin Rahad da Atbara akwai kala'azar, zazzaɓin da ya wuce mako biyu ba na jira ba ne.

Akwai kuma makarantun makiyaya, waɗanda aka fara a Darfur a farkon shekarun 1990 da taimakon UNICEF, daga baya suka bazu zuwa wasu jihohi. Malami ɗaya ne ke bin ruga, yana koyarwa har aji huɗu. Nijeriya ma ta kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989. In akwai irin wannan kusa da ku, tana iya riƙe yaro yana ƙarami a gaban uwarsa, ka tara ƙarfinka don lokacin da zai shiga gari. Ka dai tabbata malamin yana ba da takardar da ke nuna ajin da yaro ya kai.

Lissafin kuɗi

Kuɗin da aka faɗa maka a ofis kan saniya ne kawai, jikin yana baya. Ka sa a rubuta maka duka: rajista, rusum na shekara, yunifom, littattafai, tarhil wato kuɗin mota, faɗur na kullum, kuɗin jarrabawa, darasin yamma da ake cewa na ganin dama ne amma wanda bai shiga ba a bar shi a baya, da bikin ƙarshen shekara. Ka haɗa su, ka ninka da yawan yaranka, sannan ka ninka da shida.

Kada ka yi lissafin da jine, don jine ba ya tsayawa wuri ɗaya. A 2021 kaɗai hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin 100, yaƙi kuma ya ƙara. Yi shi da abin da kake da shi: shekara guda ta yaro ɗaya buhun dawa nawa ce, ko tumaki nawa? Garkenka yana haifar wannan a shekara ba tare da ka taɓa uwaye ba? Sayar da ɗan maraƙi ko rago kowace shekara abu ne da garke ke ɗauka. Sayar da karsana kuwa cin jari ne, don ita ce nonon gobe. Ka kuma auna da shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, ko aka rufe iyaka, kada ka auna da shekarar da riɗi ya yi tsada.

Abin da muka fi gani shi ne uba ya sa yaro a makaranta mai tsada da kuɗin kaka mai kyau, shekara biyu ta uku ya kasa, makaranta ta riƙe sakamako saboda bashi, yaro ya zauna. Wanda ya yi shekara shida a matsakaiciyar makaranta ya fi wanda ya yi biyu a babba ya tsaya. Daidai ruwa daidai tsaki. In ma makarantar gwamnati da ke kusa da kai tana aiki, malamanta suna zuwa, ka auna ta da ma'aunin nan guda. Wani lokaci ita da ɗan darasin yamma sun fi makarantar kuɗi mai rauni, kuma a majalisar iyaye kana da bakin magana.

Ka nemi a raba maka biya kashi-kashi, babban kason ya faɗo bayan kaka lokacin da kuɗi ke hannunka. Ka tambaya ko ana ƙara kuɗi a tsakiyar shekara, da rangwamen da ake yi wa 'yan gida ɗaya. Duk abin da ka biya ka karɓi rasiɗi mai hatimi. In ta Bankak ka tura, ka tura asusun da makaranta ta ba ka a rubuce, ka adana shaidar.

Sai maganar 'ya mace. In kuɗi ya gaza, ita ake fara cirewa, kowa ya sani. Mai saƙonmu yana da maza biyu da mace ɗaya. Makarantar da za ta ɗauki ukun duka cikin ƙarfinsa ta fi wadda za ta ɗauki biyu a bar ɗaya tana tallan nono. Gobe ita ce za ta karanta takardar magani ga 'ya'yanta, ita za ta duba littafinsu in mazan suna daji.

Ga masu ƙafa biyu a kan iyaka

Wasunku suna da shago a Gallabat da ɗaki a Matamma, wasu ma da iyali a can. Ku sani tsarin Habasha daban ne. A yankin Amhara ana fara karatu da Amharanci, shekarar makaranta tana farawa a Satumba bayan sabuwar shekararsu, kuma kalandarsu tana bayan tamu da shekara bakwai zuwa takwas: shekararsu ta 2017 ta fara ne a Satumba 2024. In ka kawo takardar yaro daga can, kwanan watan kansa sai an yi bayani, balle ajin. Amharanci jari ne ga ɗan kasuwar iyaka, yaro ya koye shi. Amma a karatun boko ka zaɓi ƙasa ɗaya ka tsaya a kanta. An sha rufe mashigar Gallabat saboda rikici, yaron da ke kwana a gefe ɗaya yana karatu a ɗayan, ranar da aka rufe karatunsa ya tsaya.

Haka wanda ke tunanin mayar da yaro wajen dangi a Kano ko Maiduguri ko Maradi. Can da Turanci ko Faransanci ake karatun gwamnati. Duk inda za ka kai shi, ko daga Gadarif zuwa Doka ne ko Hawata, kada ka cire yaro sai da takardar canjin makaranta da sakamakonsa na ƙarshe, da hatimin makaranta da na ofishin ilimi. Ka ɗauki hotonsu a waya, ka sa na asali a leda tare da takardun rigakafin dabbobi. Waɗanda suka baro Khartum da Madani ba takardar yaro ko ɗaya a hannu za su gaya maka wahalar da suka sha.

Amsarmu ga mai saƙo

Malam, Allah ya ƙara arziki, ka ba kowace makaranta safiya guda. Ka ga tasdiƙ. Ka ji yaron layin baya ya yi karatu. Ka san ko malaman za su kai baɗi. Ka zaga ka ga ruwa da bayan gida. Ka jera watanni ka san inda yaran za su kwana da damina. Ka yi lissafin shekara shida na yara uku da buhu da tumaki. Ka kuma nemi iyaye biyu a kowace makaranta, ɗaya wanda ɗansa ke ciki, ɗaya wanda ya cire nasa, ka ji ta bakin kowanne. Mai yiwuwa sabuwar ta cika sharuɗɗan nan, mai yiwuwa tsohuwar ce. Wadda ta cika, ita ce taka.

In ka sa su kuma, kada ka ɓace. Ko sau ɗaya a wata ka leƙa, ko ka aiko uwarsu ko ƙaninka, malam ya san yaran nan suna da mai tambaya. Da dare ka ce ɗaya ya karanta maka abin da aka yi yau, ko ba ka gane ba ka saurara, za ka ji bambancin mai karatu da mai kame-kame.

A shiri na gaba za mu ɗauko maganar takardar haihuwa da raƙam waɗani ga yaran da aka haifa a ruga, tun da tambayoyi sun yi yawa a kanta. Wanda ke da abin da ya gani a makarantun yankinsa, mai daɗi ko akasin haka, ya aiko mana ba tare da ambaton sunan kowa ba. Allah ya raya mana zuriya, ya ba da damina mai albarka, ya kawo mana zaman lafiya. Wassalam.